Ƙauri a Motar Malam Ilu

Cikin duk shekarun da na yi ina rakiyar kaya a ƙungiyarmu, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wata Alhamis ta tsakiyar bazara. Ran nan muka ɗauki shugabarmu Hajiya Gambo a gaban mota zuwa Maigatari, don ta gani da idonta ko Malam Ilu direba zai ci gaba da aiki da mu ko kuwa a sallame shi. Ku da kuka shigo daga baya kuna jin ana tsokanarsa da zancen, amma ba ku san tushensa ba. Na nemi izininsa kafin in rubuta. Ya ce in rubuta, sai dai kada in ƙara gishiri.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda wanda ba ɗan ciki ba. Ƙungiyarmu ta mata ce, a Gumel take. Muna sayo zoɓo da riɗi daga ƙauyukan Sule Tankarkar da na Gagarawa, mu tsince, mu sheƙe, mu ɗura a buhu, ranar Alhamis mu kai wa wani babban ɗan kasuwa a Maigatari. A sama akwai shugaba da kwamitinta. Sai mai sito, sai mata masu tsinta. Mai rakiya kuwa, wato ni a lokacin, ita ce ke shiga mota tare da kaya tun daga inda aka ɗauko su har inda za a sauke, ta tsaya a kan awo, ta dawo ta faɗi abin da ya faru. Ba ruwan mai rakiya da inji. In mota ta tsaya a hanya, abin da aka saba shi ne ki sauka ki nemi inuwa ki zauna, ki ba direba baya. Leƙa masa inji rashin kunya ne, kamar namiji ya shigo miki madafa ya buɗe tukunya.

Motar tamu tsohuwar a-kori-kura ce mai shan fetur, mun saye ta ta sha hannu. Malam Ilu kuwa ya yi ƙuruciyarsa kaf a manyan motoci masu shan gas, yana zuwa Damagaram da gaba da nan. Da ciwon baya ya hana shi doguwar tafiya ya dawo gida, muka ɗauke shi. Ba ya gudu, ba ya ɗaukar fasinja a ɓoye, kuma ko ƙwayar riɗi ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Tun da na gama ajin yaƙi da jahilci yake ce mini Malama, rabi girmamawa rabi tsokana. Ni kuma Baba nake ce masa.

Da zafi ya kankama a shekarar, sai motar ta ɗauko wani hali. Da safe lafiya lau take tashi, ta je ƙauye ta ɗauko kaya ba ko tari. Amma da rana ta take, an yi mata lodi, mun bar Gumel mun miƙi hanyar Maigatari, sai ta fara fizga. Ta yi kamar za ta tafi, ta ja baya, salansa ta riƙa harbi. Daga nan ƙarfinta ya ƙare, mu gangara gefen titi. Akwai wata tsamiya a wajen rabin hanya, kusan kullum a nan take kai mu. Sai mun zauna ta huce sannan ta yarda ta lallaɓa.

Makanikenmu Habu ne, garejinsa yana bayan tasha. Da aka kai masa ya duba kafireta, ya duba fulogi, a ƙarshe ya gano wayoyin fulogi sun ƙone ta ƙasa. Ya sa sababbi. Motar ta yi lafiya ɗan lokaci, ta koma gidan jiya. Aka mayar, ya sake tarar da wayoyin a ƙone a daidai wurin da na farko suka ƙone. Ina nan tsaye ya ɗaga ɗaya yana juyawa.

"Baba, wannan abu ya ɗaure mini kai," ya ce wa Malam Ilu. "Ƙunar salansa ce wannan. Amma dubi inda wayar take, dubi inda salansar take. Hannuna ma zai wuce tsakaninsu. Ta yaya suka haɗu?"

"Kai ne makanike," in ji Malam Ilu. "Ni tuƙi na sani. Wayoyin yanzu ne ba su da kirki."

Habu ya sake sa wasu, waɗanda ya ce sun fi na baya kauri. Su ma ba su daɗe ba.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne, babbar motar ɗan kasuwar nan tana tashi ne da an idar da azahar. Wanda kayansa ba su iso ba, sai wani makon. Mun makara, mun sake makara, har ya aiko wa Hajiya Gambo cewa in ba za mu iya ba akwai masu jira. Kwamiti ya zauna. An kira ni a matsayin mai rakiya. Kowa a wurin bakinsa ɗaya: an gyara mota an sake gyarawa, makanike ya ce bai ga dalili ba, to saura direba. Wata ta ce tsufa ne. Wata ta ce hannunsa ya saba da babbar mota, yana danne ƙarama har ta ƙone. Mai sito ta ce ɗan yayarta yana da lasin, kuma zaune yake.

Hajiya Gambo mace ce mai adalci, amma ba ta son jan magana. Ta juyo ta ce, "Hansai, ke ce ke zama kusa da shi. Me kika gani?"

Na ce, "Hajiya, ban ga ya canza tuƙi ba. Yadda yake ja tun farko haka yake ja."

"To ni zan shiga da kaina Alhamis mai zuwa. In ta tsaya, a gaban idona zai ba ni makulli. Ba wulaƙanci, za mu sallame shi da mutunci. Amma ba za mu rasa mai saye saboda kunyar mutum ɗaya ba."

Akwai abin da ban faɗa a zaman ba, don ban san yadda zan faɗe shi ba a yi mini dariya. Duk lokacin da motar za ta fara fizga, ina jin ƙauri. Ƙaurin roba na nan, wannan kowa zai ji. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani, irin na babbakar kan rago ranar layya. Wadda ta yi shekaru a gaban murhu ba ta rikita ƙaurin fata da na roba. Ni kuwa a iya sanina ba a sa fata a injin mota.

Ranar Asabar muka je wani ƙauye a ƙasar Gagarawa ɗauko riɗi. A hanyar dawowa ta yi halin nata. Na sauka na nufi inuwa kamar kullum, sai na tuna butata tana cikin mota, ga lokacin salla ya yi. Na zagayo ta ɗaya gefen. Malam Ilu ya ɗaga murfin inji ya sunkuya, bai ji tahowata ba. Na ga wayoyin nan huɗu an tattare su wuri guda an ɗaure da tsirkiyar fata, ga wata laya babba, kusan cikin tafin hannu, tana reto a jiki. Nauyinta ya janyo su ƙasa sun kwanta a kan ƙarfen da salansa ke fitowa daga jikin inji. Da tsumma ya kama ta saboda zafi, ya kwance, ya sa a aljihu. Yana kwancewa wayoyin suka miƙe suka koma sama abinsu, nesa da ƙarfen, kamar ba su taɓa sanin juna ba.

Na ɗauki butata na koma inuwa.

Washegari da hantsi na je garejin Habu ni kaɗai. Ya ba ni benci, ya ce, "Inna, lafiya, ba mota?" Na gaya masa abin da na gani. Ya ajiye sufanar da ke hannunsa ya zauna a kan taya.

"Layar mahaifiyarsa ce," ya ce. "Na san ta. Ni ne yaron motarsa kafin in koyi gyara. Ranar da ya fara tuƙi ta ba shi, ta ce ya ɗaura kusa da zuciyar mota. Duk motar da ya riƙe a cikin inji yake ɗaura ta. Kuma ba ya barin makanike ya gan ta, don ya ce akwai sunayen Allah a ciki, hannun baƙin mai ba zai taɓa ta ba. Kafin ya shigo gareji ya cire, in ya fita ya mayar. Wallahi na sha'afa da ita sam."

"To me ya sa ba ta taɓa ɓata masa mota ba sai tamu?"

"Inna, motar gas ba ta da wayar fulogi. A can jikin ƙarfe yake ɗaurawa, ba abin da zai faru. Nan kuwa ya duba bai ga abin ratayawa ba sai wayoyi."

Ya ɗauko tsohuwar waya ya yi mini bayani, kuma ina so ku ma ku riƙe shi, don duk tsohuwar motar fetur za ta iya yin haka. Kowace waya wuta take ɗaukowa ta kai wa fulogi, fulogi ya kunna fetur a cikin inji. Robar da ke jikin wayar ita ce ke tsare wutar kada ta gudu. Ƙarfen nan kuwa da salansa ke fitowa daga cikinsa, wanda makanikai ke kira manifol, duk injin ba abin da ya kai shi zafi. In waya ta kwanta a kansa, ko ta matso kusa ainun, robar takan gasu ta bushe ta tsage. Da safe inji da sanyi, ba lodi, wutar takan daure ta bi hanyarta. In ya yi zafi ana hawa da kaya, sai ta bi ta tsagar ta faɗa jikin ƙarfe, fulogi bai samu ba. Shi ne mota ke tafiya kamar jaki mai ɗingishi. Ya ƙara da cewa ɗaure wayoyin wuri guda ma illa ne, don wutar wannan takan tsallaka cikin waccan.

"Gyaran ba wuya," in ji shi. "Faɗar ce wuya. Mutumin da ya koya mini riƙe sitiyari, in dube shi in ce layar uwarsa ce ke kashe mota? Gara ya rasa aikin yana ganin laifin wayoyina."

"In ya rasa aikin fa, Habu, wa zai ɗauki mai shekarunsa?"

Ya sunkuya ya ɗauki sufanarsa. Na ce ya bar mini.

Na kwana ina juya yadda zan shiga maganar. In na kai wa Hajiya, za a cire layar, mota ta gyaru, amma za a yi ta dariya a wurin tsinta, kuma na san Malam Ilu: da kansa zai ajiye makullin. In na ce masa layarsa ce matsala, zai ji kamar na zagi mahaifiyarsa a kabari. Can sai ƙaurin nan ya dawo mini. Ai ba wayoyi kaɗai ke ƙonewa ba.

Ranar Litinin da rana na dama fura na kai masa gindin darbejiyar da ke ƙofar sito, inda yake zama in ba tafiya.

"Malama da kanta? Yau me na yi?"

"Ba ka yi komai ba, Baba. Tambaya gare ni, kuma ba ta mota ba ce."

"To Allah ya sa na sani."

"Yaushe rabonka da ka dubi layar mahaifiyarka da kyau, a cikin haske?"

Ludayin ya tsaya a hannunsa. Ya dube ni ya ce, "Leƙe kika koma yi, Hansai?"

"Buta na je ɗauka. Ban gaya wa kowa ba sai Habu, shi kuma ya riga ni saninta."

"Wato kun zauna kun yanke cewa ita ce ke ɓata muku mota. Layar da ta ƙetare sahara da ni ta dawo. Tun ba a haifi Habu ba take cikin inji."

"Ni ban zo da maganar abin da take yi wa mota ba. Na zo da maganar abin da mota ke yi mata. Tun farkon zafin nan nake jin ƙaurin fata. Habu ya ce mini akwai sunayen Allah a ciki, ba ka yarda hannun makanike ya taɓa ba. To ga shi kullum tana kwance a kan wuta."

Ya ture ƙwaryar furar gefe a hankali, ya tashi ya shiga masallaci, alhali ba a yi kira ba. Na ɗauki ƙwaryata na koma ciki. Raina bai ɓaci ba, don na ga maganar ta shiga, sai dai ta shiga da ciwo.

Da safe ina isowa sito na same shi tsaye. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya buɗe tafin hannunsa. Fatar layar ta yi baƙi ƙirin, ta ƙandare, gefe ɗaya ɗinkin ya buɗe, har ana hango bakin takardar ciki ya yi ja.

"Kullum da tsumma nake kama ta in jefa aljihu," ya ce. "Ban taɓa tsayawa na duba ba." Ya rufe hannun. "Shiga mu je wurin yaron nan."

A gareji Habu ya rasa inda zai sa idonsa. Sai share-share yake yi a inda ba datti. Malam Ilu ne ya sauƙaƙa masa.

"Kai, daina sunkuye-sunkuye. Malama ta ce kana da karatu. Karanta mini."

Habu ya ce gara ya gani da idonsa. Ya roƙe shi ya ɗaura layar yadda ya saba, su zaga gari inji ya ɗau zafi. Da suka dawo ya bar ta a kunne, ya ɗaga murfin, ya jawo babban tamfol ya lulluɓa a kai don ciki ya yi duhu. Ya gargaɗe shi ya tattare rigarsa saboda fanka. Suka shiga su biyu, ƙafafunsu kawai nake gani. Can na ji muryar Malam Ilu daga ciki yana cewa, "Ikon Allah. Sake ƙara mata wuta." Da suka fito ya ce, "Malama, zo ki ga abin da hancinki ya jiyo." Suka ja baya, na kama mayafina da kyau na leƙa. A cikin duhun, wuta shuɗiya 'yar ƙarama tana tsalle daga jikin wayoyin zuwa ƙarfen, tana ƙara ƙyas-ƙyas kamar ana fasa ƙwarƙwata. Duk bayanin da Habu ya yi mini sai a lokacin ya zauna.

Aka kashe mota, aka jira ta huce, Habu ya shiga aiki. Ya nuna mana wasu ramukan noti a jikin manifol ɗin da ba komai a kansu. Ya ce asali akwai faifan ƙarfe a wurin da ke tare zafi, amma in ya tsufa yakan yi ƙara, sai a cire a yar, ana ganin ba shi da amfani. Haka maƙalan da ke riƙe kowace waya a layinta, duk sun karye tun a hannun masu motar na da. Ya ce ko ba laya, motar tana gab da fara cin waya, layar ta gaggauta ne kawai. Na lura da Malam Ilu ya ji daɗin wannan maganar.

Ya aika aka samo maƙalai daga wata matacciyar mota irin tamu. Ya sa sababbin wayoyi, kowace a hanyarta, ba mai taɓa 'yar'uwarta, ya bi da su ta sama nesa da ƙarfen. Biyun da dole su wuce kusa, ya zura musu wata farar riga saƙaƙƙiya da ba ta cin wuta, irin wadda ke jikin wayar cikin dutsen guga. Faifan ne ba a samu ba. Na ce ina da tsohon farantin alminiyam da gindinsa ya lotsa. Na je gida na ɗauko, ya yanka, ya lanƙwasa, ya huda, ya ɗaure a ramukan nan. Bai manna shi da manifol ɗin ba, ya bar tsakani kamar kaurin yatsa. Ya ce iskar da ke wucewa ta tsakanin ita ce ke aikin, in aka manna, farantin ma zai zama murhu.

Malam Ilu ya ce, "Da ka naɗe su da robar tayar keke mana, ko salatif, a huta."

"Baba, su ne farkon narkewa. In sun narke kuma su kama wuta."

"To layar fa? Inna cewa ta yi kusa da zuciyar mota. Ba zan rataye ta a madubi kamar carbin 'yan tasi ba."

Habu ya zaga ɗaya gefen injin, inda ba salansa, ya sa hannu ya daɗe yana lalube. Ya samu wani noti a jikin bangon da ke ƙasan gilashi, ya lanƙwasa ƙaramin ƙarfe ya yi ƙugiya ya ɗaure a nan. Ya ce wurin ba zafi, ba waya, ba abin da ke juyawa, kuma ko ya buɗe inji hannunsa ba shi da abin yi a can, ba sai an riƙa cirewa ba. Ni kuma na karɓi layar a cikin tsabtataccen ƙyalle na kai wa wani baduku a kasuwa, dattijo mai alwala, ya yi mata sabuwar riga ba tare da ya buɗe takardar ba.

Da za mu rabu Malam Ilu ya ce, "Wannan magana ta tsaya a nan. Hajiya ta ji an gyara mota, shi ke nan."

Na ce, "Ba zan kai mata ba, Baba. Amma in ta tambaye ni kai tsaye, ba zan yi mata ƙarya ba."

"Na san ba za ki yi ba. Shi ya sa nake roƙon Allah kada ta tambaya."

Ranar Alhamis muka ɗauko kaya daga wajen Sule Tankarkar, muka ƙara da na sito har motar ta zauna. Rana ta take sosai lokacin da Hajiya Gambo ta fito. Ta zauna bakin taga, ni a tsakiya. Carbinta kawai take ja. Ni dai hankalina a kwance yake, don na ga wutar da idona, na kuma ga an toshe mata hanya. Duk da haka ina ta shaƙar iska a ɓoye. Ƙamshin zoɓo ne kawai da turaren Hajiya.

Muka fita gari. Motar tana ja sumul, muryarta ɗaya ba ta canzawa. Muka hango tsamiyar nan. Muna isa daidai ita sai na ji Malam Ilu ya ɗaga ƙafa, ya gangara gefen titi, ya tsaya cak.

Hajiya ta sauke numfashi. Ta ce, "To, Malam Ilu. Allah ya gani ban so haka ba."

"Hajiya, saurara mana. A kunne take. Ni na tsayar da ita."

Gaskiya ne, injin yana ta aikinsa a hankali. Ya fita ya ɗaga murfin, ya ce ta sauko. Ta ce ita me ta sani a inji. Ya ce ai ba sani zai tambaye ta ba. Muka sauka. Ya nuna mata farantina, ya nuna mata wayoyin, sannan ya nuna mata layar a sabuwar rigarta tana rataye a ƙugiya. Ya gaya mata komai da bakinsa, tun daga ranar da mahaifiyarsa ta ba shi har zuwa tamfol ɗin Habu. Ya ce ya kwana yana tunani, ya ga in ya yi shiru za a ci gaba da cewa yaron nan bai iya gyara ba, alhali shi ne yake ɓoye masa ciwon.

Hajiya ta dube ni. "Ke kin sani?"

"Na sani, Hajiya."

"Shi ne kika bar ni ina ta jan carbi tun daga Gumel?"

Ta juya wurinsa, tana ƙoƙarin haɗe fuska abin ya ƙi. "Mu kuwa mun zauna mun ce tsufa ne."

"Tsufan ma yana nan, Hajiya. Amma ba shi ya ƙona waya ba."

"Rufe mu tafi, kada azahar ta same mu a nan kana ba ni tarihi."

Muka isa Maigatari ana cikin lodin babbar motar, aka auna kayanmu aka ɗora. A hanyar dawowa Hajiya ta yi barcinta har gida. A zaman kwamiti na gaba abin da ta faɗa kawai shi ne an gano ciwon mota, direba yana nan. Labarin laya kuwa shi da kansa ya riƙa ba mutane daga baya, yana yi yana dariya.

Ga abin da nake so ku ɗauka, ku masu rakiya na yanzu. In mota tana lafiya da safe tana fizga da rana, a duba wayoyin fulogi tun tana da zafi, a wurin da ta tsaya, kafin kowa ya taɓa komai. A raba su da salansa, a raba su da juna, kuma duk ƙarfen da kuka ga masu ƙera mota sun sa, kada a yar da shi don yana ƙara. Abin da hancinku ko kunnenku ya ji a gaban mota, ku faɗa wa makanike, ko da kuna ganin za a yi dariya. Shi a gareji yake ganin motar, ku kuwa a hanya kuke ganinta.

Sannan mutanen wannan sana'a, direba da makanike, kowa yana da abin da yake riƙe da shi wanda ba ya cikin littafin mota. Ba a fizge wa mutum irin wannan abu a gaban jama'a. A nemo masa inda zai ajiye shi ba tare da ya cuci kowa ba, in an yi haka shi da kansa zai faɗi sauran. Malam Ilu ya ci gaba da jan motarmu har lokacin da idonsa ya fara ba shi wahala, ranar kuwa ba wanda ya nemi makulli a wurinsa, shi ya kawo.